Yaron da na koyar ya soki mutum saboda waya: nawa ne laifinsa, nawa ne namu?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana uku ke nan wata magana tana cin raina, shi ya sa na ce bari in kawo ta gabanku.

Akwai yaron da na koyar daga aji 3 zuwa aji 6. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsu ba. Ranar Talata aka kama shi, ya soki wani bawan Allah a kafaɗa a cikin adaidaita sahu don ya ƙwace masa waya. Mutumin yana asibiti, an ce zai tashi in sha Allahu, amma hannun ba lallai ya koma yadda yake ba. Yaron shekararsa 19.

Na san yaron nan sanin gaske. Shi ke fara gama lissafi a ajina. Yana aji 4 uban ya saki uwarsa, ya riƙe 'ya'yan don ya ƙuntata mata, alhali shi kansa ba mazaunin gida ba ne. Na sha ganin shatin wayar wuta a gadon bayansa. In an tashi tara sai ya tsaya yana kallon masu cin awara, wata rana in ba shi naira 50, wata rana ni ma babu. Sau ɗaya na je wurin uban, ya ce in tsaya a kan allo da alli, ɗansa ne. Na kuwa tsaya. Da ya gama aji 6 ban ƙara bin sawunsa ba.

Yanzu a majalisarmu kowa cewa yake ɗan banza ne, a kashe irinsu a huta. Ni kuma fuskar ɗan aji 4 nake gani. Wanda ya taso a haka, da gaske yana da zaɓi irin wanda ɗana yake da shi? In ba shi da shi, da wane baki za mu ce laifinsa ne?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan waya aka kashe shi, yana dawowa daga shagon ɗinki bayan isha'i. Wayar ko dubu 40 ba ta kai ba. Shi ma maraya ne. Yana shekara 7 babanmu ya rasu, a hannun dangi ya taso, ya sha duka, ya kwana da yunwa, ya yi tallan ruwan leda a tasha. Bai taɓa ɗaukar wuƙa ba. Ya koyi ɗinki, yana ciyar da mahaifiyarmu.

Duk sanda na ji ana cewa ai tarbiyya ce, ai talauci ne, ji nake kamar ana ce wa ƙanina haƙurin da ya yi ba komai ba ne, sa'a ce kawai ya taka. Ba sa'a ba ce, Malam. Na ga yadda yake danne zuciyarsa. Abokan da suka taso tare sun sha kiransa daba ya ƙi. In wancan ba shi da laifi, to wannan ma ba shi da lada ke nan?

Ɗan Kwari:
Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya sa ya huta. Gaskiya ce tsagwaronta kika faɗa. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, sai ka ga wannan liman wancan ɓarawo. Albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Malamin Firamare:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa, ya ba ku dangana. Wallahi Hajiya ban kawo maganar don in wanke kowa ba. Kuma tambayarki ta ƙarshe ta tsaya mini a wuya, ba ni da amsarta yanzu.

Nas a Zariya:
Allah ya jiƙan ƙaninki, Yaya. Ni a ɓangaren masu taɓin hankali da 'yan shaye-shaye nake aiki, bari in kawo abin da aka auna.

Wata mai bincike a Amurka, Cathy Widom, ta bi diddigin yara 908 waɗanda kotu ta tabbatar an ci zalinsu ko an yi watsi da su suna ƙanana, ta gwada su da takwarorinsu da suka fito daga irin gidajensu amma ba a samu an yi musu haka ba. Sakamakon ya fito a 1989. Cikin waɗanda aka zalunta, 26 cikin 100 an kama su da laifi tun suna yara. A ɗaya rukunin, 17 cikin 100. Ratar ba ƙarama ba ce, ita Malam yake gani. Amma 74 cikin 100 ba a kama su da komai ba a wannan shekarun, irin su ƙanin Yaya ke nan. Abin da na fahimta shi ne, muguwar tarbiyya tana karkatar da hanya, ta mai da ita gangara zuwa ɓarna da hawa zuwa shiriya. Ana hawa, amma da gumi, kuma ba kowa ke kaiwa ba.

Sannan ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A zuba wa ɗanyen abu roci da tiramol da sholisho tun yana 13, me ake jira? Akwai ma abin da ba tarbiyya ba ne sam. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, sanannen abu ne a likitance cewa tana taɓa fahimta da iya kame kai ga waɗanda suka rayu da ita. Yaron da ya shaƙi wannan ƙurar yana rarrafe, bai zaɓi komai ba.

Injiniya:
To ai 'yar'uwa kin kawo hujjar, sai kika tsaya a rabin hanya. Su 74 ɗin ma akwai abin da ya hana su: wani kakarsa ce, wani malami ne, wani kuma haka aka halitta shi da sanyin zuciya. Babu wanda ya zaɓi kakarsa ko jininsa. A 1983 Benjamin Libet ya yi gwaji a Amurka, ya sa wa mutane na'ura a ka, ya ce su motsa hannu duk sanda suka ga dama. Sai aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kimanin sulusin sakan kafin mutum ya ji cewa ya yi niyya. Ni a ganina jin da muke yi cewa mu ke zaɓa, labari ne da muke ba kanmu bayan an gama. Kuma ai ƙaddara ma haka ta ce, an rubuta komai tun kafin a haife mu.

Nas a Zariya:
Injiniya, motsa yatsa a ɗakin gwaji, abin da babu riba babu hasara, daban yake da mutum ya wasa wuƙa, ya soke ta a ƙugu, ya fito titi, ya zaɓi adaidaitar da zai shiga. Wannan shiri ne na awanni. Shi kansa Libet bai ce babu zaɓi ba, ya ce akwai ɗan lokacin da mutum zai iya fasawa. Masana da yawa bayansa sun yi jayayya a kan ma'anar wannan siginar.

Ɗalibin Zaure:
Ɗan'uwa Injiniya, ka bar ƙaddara a inda take, kada ka jingina mata abin da ba nata ba. Wannan magana taka tsohuwa ce. Ita ce ta Jahamu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira, ana kiran masu ra'ayin Jabariyya: mutum kamar gashin tsuntsu ne a iska. A ɗaya gefen akwai Ma'abad Aljuhani a Basra da Ƙadariyya, masu cewa babu abin da aka ƙaddara. Malaman Sunna sun ƙi duka biyun. Alƙur'ani da kansa ya kawo hujjar taka a bakin mushirikai, a Suratul An'am aya ta 148, inda suka ce da Allah ya so da ba mu yi shirka ba, kuma bai karɓa musu ba. A Suratul Insan aya ta 3 ya ce an nuna wa mutum hanya, ko ya zama mai godiya ko mai butulci.

Ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa Sarg aka ce masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Amma wane makiyayi ne zai kai su fako ya ce an rubuta?

Kuma kai kanka ba ka rayuwa da wannan ra'ayin. Yau wani ya fasa maka gilashin mota ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta riga shi, sai ya biya.

Injiniya:
Sai ya biya, na yarda, don gobe wani ya ji tsoro. Amma ba sai na tsane shi ba. A nan nake. A tsare mai haɗari kamar yadda ake killace mai cutar da ake ɗauka, ba tare da an ce shi mugu ne ba.

Maman Khalifa:
Wanda ya kashe ƙanina ba kwalara ba ne. Mutum ne, ya dube shi ido cikin ido.

Tsohon Ɗan Layi:
Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, karatu nake, amma wannan ta shafe ni. Na yi daba shekara 6. Na sari mutane, an sare ni, na yi zaman gidan yari. Hajiya, ban san wanda ya taɓa ɗan'uwanki ba, amma irina ne, kuma ina jin kunyarki.

Malam, labarin ɗalibinka kusan nawa ne. Abin da daba ta ba ni wanda gida bai ba ni ba: in ban zo ba ana nemana. In an taɓa ni akwai masu tashi. Oganmu shi ya fara saya mini takalmi sabo a rayuwata. Wanda ya taso a gaban uwa da uba ba zai gane girman wannan ba. Lokacin zaɓe kuma manya masu manyan riguna suka zo da kuɗi da ƙwaya a bayan mota, su ne yau suke cewa a harbe mu.

Amma Injiniya, ka saurare ni da kyau. Ranar da na fara fita da ɗanbida da niyyar sara, hannuna rawa yake, cikina yana juyawa. Na sha roci biyu, musamman don rawar ta tsaya. Kusan duk wanda na sani haka yake yi kafin a fita. To wanda ya haɗiyi ƙwaya don ya kashe muryar da ke ce masa bari, ai ya ji muryar ke nan. Na ji ta. Kullum ina jin ta, sai dai tana ƙara nisa. A shekarar farko barin abin kamar tsallake kwata ne. A ta biyar kamar tsallake kogi, ga gaba ko'ina, ga jiki ya saba da ƙwaya, ga babu mai ɗaukarka aiki. Ni na mai da kwatar kogi, da ɗan abin da nake zaɓa kullum.

Kuma in gaya muku wani abu. Duk shekarun nan, maganar da na fi so ita ce laifin babana ne. Gaskiya ce kuwa, yana da laifi, har gobe. Amma ita ta riƙe ni a ciki, don in laifinsa ne to gyaran ma nasa ne, ni sai jira. Ranar da na iya cewa ni na sari yaron nan, ba babana ba, ranar na fara samun abin kamawa.

Sai dai ban fita ni kaɗai ba. Kawuna ne ya zo ya ɗauke ni daga garin gaba ɗaya, ya kai ni wurin wani mai walda a wata jiha. Da a unguwarmu aka sake ni, da na koma cikin sati.

Ɗan Kwari:
Allahu akbar. Allah ya tabbatar da kai, ɗan'uwa.

Ɗalibin Zaure:
Amin. Labarinka ya tuna mini da hadisin mutumin da ya kashe rai 99, wanda ke cikin Buhari da Muslim. Malamin da ya je wa daga ƙarshe bai ce masa ba laifinka ba ne, bai kuma ce ƙofa ta rufe ba. Ya ce ya tuba, sannan ya bar garinsu, don garin banza ne, ya koma inda ake bauta wa Allah. Tuba tasa ce, amma sai da aka canza masa ƙasa.

Malam, ga abin da nake ganin ya fi kusa da tambayarka, kuma yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu. Bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a sun saci taguwa, wato raƙuma, ta wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Aka kai wa Sayyidina Umar, har ya ba da umarnin a yanke hannuwansu, sai ya dubi ubangidan ya ce, ina ganin yunwa kake bar su da ita. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Ya ce a ba shi 800. Malik ya ce ba a aiki da ninka kuɗin a wurinsu, amma ni abin da nake nunawa shi ne inda idon Umar ya je. Bai ce sata ta zama halal ba, bai bar mai taguwa da hasara ba, kuma bai bar wanda ya jawo yunwar ya tafi salin alin ba.

Mu kuskurenmu, muna ɗaukar laifi kamar ƙosai ɗaya da za a raba, in an ba uba rabi sai na ɗa ya ragu. Ba haka ba ne. Uban zai amsa tambayar amanar da aka ba shi cikakkiya, ɗan zai amsa ta wuƙarsa cikakkiya. Babu mai ɗaukar nauyin wani. Wanda zai auna yawan wahalar hawan kowa, ya san wanda aka ba tudu da wanda aka ba shimfiɗa, Allah ne, kuma ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Shi ya sa ladan ƙanin Hajiya, in sha Allahu, ya fi na wanda bai taɓa sanin yunwa ba.

Barista:
In ƙara ta fuskar doka. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 50 ya ce yaron da bai kai 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an ga hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi. Sashe na 51 ya ɗauke wa mai taɓin hankali. Kun ga ya yi kama da hadisin an ɗauke alƙalami daga mutum uku. Maye da gangan ba uzuri ba ne, kuma a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma an ce mashayi in ya yi kisa a kashe shi. Ɗan shekara 19 mai hankalinsa zai amsa laifinsa. Inda tarihinsa ke shigowa shi ne wajen sassauci bayan an same shi da laifi, nan alƙali ke iya sauraron irin abin da Malam ya sani.

Abin da ke damuna shi ne bayan hukuncin. A 2019 an canza wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma kusan biyu cikin uku na mazauna ciki jiran shari'a suke. Gidan horon matasa irin na Kakuri a Kaduna ƙalilan ne a ƙasar. Yaro ya shiga da laifin waya, ya kwana shekara biyu da 'yan fashi, sannan mu yi mamakin abin da ya fito.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da su a Zinder, ana ce da ƙungiyoyinsu fale, an fi saninsu da unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wurin da aka ware kutare ne. Yaro ya tashi an riga an sa wa unguwarsu suna, lakwal, wato makaranta, ba ta riƙe shi ba, in ya je neman aiki a ji daga inda ya fito. Na ga waɗanda suka bari da suka samu kabu-kabu ko sayar da mai a kwalba, na ga kuma waɗanda suka samu suka sayar da babur ɗin suka koma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma ba kowane ɓera ke shiga tukunya ba.

Maman Khalifa:
Tsohon Ɗan Layi, na karanta naka sau uku, na yi kuka. Kai ka ce ni na yi. Wanda ya kashe mana yaro har a gaban alƙali cewa yake ƙwaya ce, sharrin shaiɗan ne, danginsa suna ta aiko mana da manya a yi sulhu, babu wanda ya taɓa cewa mun cuce ku. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya ce mini dole in yafe.

Malam, ban hana ka tausayin ɗalibinka ba. Amma in za ka je wurinsa, ka fara biyawa ta asibiti. Shi ma mai kafaɗar ɗan wani ne, wataƙila da hannun nan yake ciyar da gidansu. Kuma in ka je wurin yaron kada ka ce masa ba laifinsa ba ne.

Injiniya:
Hajiya ki gafarce ni in misalina ya yi miki ciwo. Har yanzu ina ganin abin da ya sa wani ke jin muryar da ƙarfi wani ke jin ta can ƙasa, ba shi ya zaɓa ba. Amma maganar roci biyun nan ban da amsarta.

Malamin Firamare:
Na gode muku duka. Hajiya, na karɓa, gobe bayan la'asar zan je asibitin, na samu wanda ya san ɗakin da yake.

Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, don nauyinsa nake ji. Da uban ya ce in tsaya a kan allo da alli, akwai mai unguwa, akwai limamin masallacinsu, akwai kawun yaron da na sani a kasuwa. Ban je wurin ko ɗaya ba. Na ji haushin maganar da ya gaya mini, na yi zuciya. Wannan zaɓina ne, ba wanda ya tilasta ni, kuma ba zan ce tarbiyyata ce ta sa ba.

Ƙaninsa yana aji 5 a makarantarmu yanzu, gida ɗaya, uba ɗaya. Tun ranar Laraba bai zo ba, yara suna ce masa ƙanin ɓarawo. Barista, in kawun ya yarda zai riƙe shi, uban kuma ya ƙi, ta ina ake farawa?

Barista:
Ka fara da mai unguwa da liman, a zauna da uban da kawun, a nemi ita uwar ma ta zo, don tana da haƙƙi a maganar riƙo kuma ita ce ta fi kowa ƙarfin kai ƙara kotun shari'a in zaman ya ƙi. In akwai shatin duka a jikinsa, a kai shi asibiti a rubuta. Turo mini saƙo ta gefe in gaya maka takardun da za a nema.

Tsohon Ɗan Layi:
Malam, kafin duk wannan, ka je gidan da kanka gobe da safe ka taho da shi makaranta. Kwana uku ba ya aji, na tabbata akwai waɗanda suka riga suka lura. Mu a irin wannan satin muke samun yara.